Abin da Genzo Ya Ji a Bayan Ƙofa

Laraba, 4 ga Yuni, da yamma

Ruwa tun azahar. Na dawo daga karatun Laraba da laimar da ban fita da ita ba.

A bakin zauren unguwa na same ta, jingine kusa da takalmana, tana ɗiga. Tawa ce, shuɗiyar nan mai karyayyen ƙashi. Na tambayi mai shara wa ya kawo. Ta ce, "Ai maigidanki ne, Malam Genzo. Ya daɗe tsaye a bayan ƙofar, ya ce ba ya so ya katse muku karatu. Can kuma sai na ga ya ajiye ya tafi cikin ruwan."

Ƙofar ta takarda ce. Ko tari aka yi a ciki ana ji a waje.

Ba zan rubuta abin da na faɗa ba. Maganar littafi ce, kowa ma ya faɗi tasa.

Alhamis, 5 ga Yuni, da hantsi

Ya cinye shinkafarsa da kifinsa, ya ajiye kwano a hankali ya ce, "Na gode ƙwarai, Malama Tokiko."

Malama Tokiko! Tun da na haifi ɗanmu Shinji, shekara talatin da wani abu, sunana a bakinsa "Maman Shinji", in kuma yana sauri, "Ke". Yau na zama Malama, kamar wadda ta zo sayen tabarma.

Ya ƙetara tsakar gida ya shiga shago. Ina jin sa yana ɗinkin tabarmin ɗaki kamar kullum, ya soka allura, ya ja zare da gwiwar hannu, ya sake sokawa. Bai ce ya ji komai ba. Ni ma ban ce ya ji ba.

Jumma'a, 6 ga Yuni, da magariba

Na haɗa ruwan wanka na kira shi. Ya ce in fara shiga.

A gidan nan shi ke fara shiga baho, ni in bi bayansa ruwan na da sauran zafi. Baƙo kaɗai ake ba wa ruwan farko. Na ce, "Haba Baban Shinji, wace sabuwar al'ada ce wannan?" Ya ɗan sunkuyar da kai ya ce, "Don Allah ki fara." Na shiga. Ban taɓa wanka da ruwa mai tsabta haka ba, ban kuma taɓa fitowa ina jin datti haka ba.

Bikin Chizuru da Noboru ƙarshen wata ne, kuma mu ne masu dalilin auren. Ni na haɗa su. An riga an buga sunanmu a katin gayyata, nawa kusa da nasa.

Lahadi, 8 ga Yuni, da la'asar

To, bari in faɗi yadda aka yi, tun da takarda ba ta dariya.

Tun bazara muke karanta tsohon littafin nan da aka ɗora mana a makaranta muna yara, muka haddace ba mu gane ba. Mata ne zalla, sai Malam Udagawa, tsohon malamin makaranta, shi ke ja mana. 'Yan mata biyu ne a littafin, ƙawayen juna. 'Yar mai rini ta ga wani mai fito da kwalekwale, ta bar gidan ubanta ta bi shi, suka ƙare a bukka bakin kogi, yau yunwa gobe zazzaɓi. 'Yar mai masauki kuwa mai dalili ce ta kawo mata wani ɗan kasuwar gishiri, ta gan shi sau ɗaya, ta amsa, ta hayayyafa, ta tsufa cikin rufin asiri. Ranar Laraba muka kai ƙarshe. Malam Udagawa ya rufe littafi ya ce, "To, wace ce ta yi daidai?"

Masae ce ta fara. Ƙawata ce tun aji ɗaya, ita ke da ɗan shagon taba a kwanar layinmu, mijinta ya rasu da daɗewa. Ta ce, "'Yar mai masauki mana, har da tambaya? So ba ya toshe rufi mai yoyo. Ni na yi auren so, ku tambaye ni in ba ku labari. Shekara biyu ana so, shekara ashirin ina bin gidajen giya ina neman sa."

Wata amarya daga sabbin gidajen bayan tasha ta ce ita dai gara bukka da wanda zuciya ta zaɓa. Masae ta ce, "Yarinya, bari hayar bukkar ta iso." Aka yi ta musu, wasu nan wasu can.

Ni kuwa an halicce ni da son a saurare ni. Na bari hayaniya ta lafa, na gyara zama na ce, "Ku ba ku san 'yar mai masauki ba. Ni na san ta, don ni ce. Zama da mijin dalili kamar zama da kabad ne. Yana da amfani, ba ya motsawa daga inda aka ajiye shi, kuma ba wanda zai tambaye ki ko kina son kabad ɗinki."

Aka kwashe da dariya. Har Malam Udagawa ya cire tabarau yana share ido. Dariyar ta yi mini daɗi, shi ya sa na ƙara da wata maganar. Waccan kam ba zan rubuta ta ba.

Talata, 10 ga Yuni, da azahar

Littafin ba ya kan kantar da na ajiye shi. Da na kai shayi shago na gan shi a kan tabarmar da ba a gama ba, tabaransa a kai. Genzo, da ba ya duba komai a jarida sai labarin kokawa da na ruwan sama.

Na ajiye shayin na fito kamar ban gani ba.

Laraba, 11 ga Yuni, da yamma

Ban je karatu ba. Na aika cewa kaina ke ciwo, kuma da gaske yake ciwon.

Masae ta biyo bayan an tashi. Tun daga bakin ƙofa ta ce, "Ina mai kabad?" Da ta ga fuskata ta haɗiye sauran. Na ja ta kicin na gaya mata zancen laima. Ta dafe ƙirji.

"Tabɗi! Ya ji duka? Har da ta biyun?"

"Mai shara ta ce ya daɗe."

"Ke Toki, baki shi ke yanka wuya. To je ki ba shi haƙuri mana, me kike jira?"

"In ce masa me? Bai ce ya ji ba. In na ba shi haƙuri na tilasta shi ya amsa cewa a gaban matan unguwa aka mai da shi abin dariya. Yanzu ko ba komai yana da inda zai ɓoye fuskarsa."

"To ki zauna ki yi ta riƙe masa fuska har ku mutu. Ni mijina da ya ɓata mini, kwano nake jifansa da shi, a yi ta ta ƙare."

Na ce ai shi ya sa kwanukanta ba su taɓa cika saiti ba. Muka ɗan yi dariya, sai na tuna dariya ce ta kawo ni nan.

Jumma'a, 13 ga Yuni, da azahar

Muna cin abinci ya ajiye tsinkayen da yake cin abinci da su ya ce, "Malama Tokiko, ina tunanin zuwa wurin Malam Kamata in roƙe shi ya nemi wasu masu dalilin."

Malam Kamata mai kifi shi ne uban ango. Na ajiye kwanona. Na ce, "Saura 'yan kwanaki fa. Me za ka ce masa?"

"Zan ce ban cancanta ba. Miji da mata ake zaunarwa gefen ango da amarya don yaran su kalla su yi koyi. Ba na so in sa baƙar riga in zauna gaban mutane ina ƙarya."

A garin nan in masu dalili suka janye ana dab da biki, ba sai an yi shela ba. Kafin kifin Malam Kamata ya ƙare a tebur kowa ya san gidan Genzo ya tsage. Tsofaffi kuma za su ce auren yaran ya fara da mugun alkaba'i. Amma ba gari ne ya fi tsorata ni ba. In ya je ya faɗi haka da bakinsa, to ya yanke shawara a kaina ke nan, shi kuwa Genzo ba ya warware ɗinkin da ya gama.

Na ce, "Yaushe za ka je?"

Ya ce, "Bari in gama karatun tukuna. Ba ni da saurin karatu."

Asabar, 14 ga Yuni, da safe

Na leƙa. Tsinken da yake sa alama da shi bai kai rabi ba. Ban san ko in yi fatan ya yi sauri ko ya yi nawa ba.

Lahadi, 15 ga Yuni, da la'asar

Chizuru ta zo gwada mini yadda za a ɗaure mata gashi. A gidan waya take aiki, yarinya mai hankali, ta kusa talatin, ba wadda za a ruɗa da zance ba ce. Muna zaune a baranda ta yi ta juya kofin shayi, can ta ce, "Inna, in tambaye ki wani abu ba za ki yi dariya ba?"

Na ce na daina dariya.

"Noboru mutumin kirki ne. Amma in na gan shi gabana ba ya faɗuwa kamar yadda ake faɗa a littattafai. Daɗi dai nake ji, kamar na cire takalmi mai matsi. Wannan ya isa a yi aure da shi? Ke yaushe kika san kina son Baba Genzo?"

Ƙofar shago a buɗe take. Na ji allura ta tsaya.

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Ni da nake da amsar kowace tambaya tun kafin a gama yin ta, na ce, "Shayinki zai huce." Ta dube ni, ta dubi ƙofar shago, ta ce, "Ni dai ku nake kallo, Inna. In muka zama kamar ku, ya ishe ni."

Ta tafi da murnarta. Na daɗe zaune a barandar, sauro na cizo ban kore su ba.

Talata, 17 ga Yuni, da hantsi

Ina goge ɗaki na lura da wani abu. Tabarmar wurin zamana a gaban tebur ta fi sauran laushi. Na danna ta, na danna ta kusa da ita, ba ɗaya ba ne. Sai na tuna shekarar da gwiwata ta fara ciwo, ya kwashe tabarmin ɗakin ya ce zai sabunta fuskarsu. Tun daga nan durƙuso ya daina yi mini wuya, ni kuwa na yi ta yabon maganin asibiti a wurin mata.

Bai faɗa ba. Ni kuma ban tambaya ba. Wa ya fi wani laifi? Ni ce dai, don shi bai je zauren unguwa ya ba da labarina ba.

Alhamis, 19 ga Yuni, da yamma

Ya gama littafin.

Na kai shayi, ya ce in zauna. Na zauna a kan damin ciyawar tabarma kamar mai jiran hukunci. Ya ɗora hannu a kan littafin ya ce, "Wannan mai gishirin, kin lura da abin da yake faɗa a ciki?"

Na ce ban lura ba.

"Ni na lura, don ba shi da yawa. Kin ci abinci? Ana sanyi, ki ƙara riga. Shi ke nan. Mai fiton kuwa shafi bayan shafi yana zuba, wata ne, kogi ne, idonki ne. Malaminku ya tambaye ku wace yarinya ta yi daidai. Ya tambaye ku me ke cikin mai gishirin?"

"Bai tambaya ba."

"Wanda ya rubuta ma bai leƙa ba. Ya ajiye shi a kusurwa ya wuce."

Bai ce kabad ba. Da ya ce, da ya fi mini sauƙi.

Ya ɗauki shayin bai sha ba. Ya ce, "Kin san marigayiya Inna Otane ta kawo mini amsarki?"

Inna Otane ita ce ta yi dalilin aurenmu. Lokacin ina gidan babana, gidan Kuwabara.

"Bayan ganawarmu ta farko ta zo shagon nan, lokacin babana na da rai. Ta ja ni waje ta ce, 'yar gidan Kuwabara ta ce ka fi ƙarfinta. Na san abin da ake nufi, wa bai sani ba? Haka ake cewa a'a. Na durƙusa mata a nan bakin rijiya na ce kada ta kai wa iyayena, ta nemo mini ganawa ɗaya tak."

Na ce, "Ka sani? Duk shekarun nan?"

"Na sani. Na ce ba komai, mutum yana iya roƙo da aiki in ba shi da baki. Na ɗauka tun tuni na gama roƙon." Ya juya ga tabarmarsa. "Ashe da saura."

Na miƙe. Na kwashe kofin da bai sha ba na fito.

Jumma'a, 20 ga Yuni, da safe

Ni na ɗauka Inna Otane ta haɗiye a'ar da na ba ta. Shekara da shekaru ina riƙe da wannan a raina kamar wani ɗan asiri nawa ni kaɗai, ina kallonsa yana cin abinci ina cewa, bawan Allah, bai sani ba.

Kuma ba wanda ya tilasta ni. Babana cewa ya yi in yi abin da na ga dama. Na ce a'a ne don kunnuwansa sun yi fiffike, kuma ranar ganawar bai ɗaga ido daga kofin shayi ba. A ganawa ta biyu ya yi ta ba ni labarin ciyawar tabarma, wadda ake yanka lokacin zafi da wadda ba ta da kyau, gumi na zubo masa. Na yi dariya na amsa. A lokacin na ce tausayi ne.

Asabar, 21 ga Yuni, da la'asar

Na jera 'ya'yan ume, wani ɗan itace mai tsami, a tulu, gishiri a kan kowane layi, kamar yadda nake yi kowace damina. Shi ke son su, ni tsaminsu ya yi mini yawa.

Ga maganar ta biyu. Na gaji da kewaye ta. Bayan sun gama dariyar kabad na ce, "Ni da mai fito zai tsaya a ƙofata ko a yau, wallahi da tukunya a kan wuta zan bar ta."

Aka tafa mini. Tafi aka yi.

Babu wani mai fito. Ba a taɓa yin sa ba. Da akwai ma da na ce zuciya ce ta ci ƙarfina. Don tafi na sayar da mutumin da ya fito cikin ruwa ya kawo mini laima. Kunya nake ji, irin wadda ba ta barin mutum ya haɗa ido da tukunyarsa ma.

Litinin, 23 ga Yuni, da azahar

Ya ciro rigarsa ta fita ya rataye a baranda ta sha iska. Gidan Malam Kamata ke nan, gobe ko jibi.

Na ruga wurin Masae. Na ce, "A'ata ta bakin mai dalili ta je masa. To amsata ma ta bakin mai dalili za ta je. Ke za ki kai."

Ta bar ba wani tsoho canjinsa ta tsaya kallona. "Ke da mijinki? Tsakaninku tsakar gida ce fa kawai. Sai an sa ɗan aike?"

"Haka aka saba yi. Ba a faɗa wa mutum irin wannan ido da ido."

"Haka aka saba yi wa 'yan mata, ba tsohuwa mai ciwon gwiwa ba. Ke Toki, kin haukace?"

Na ce ai tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ta yi tsaki, ta ce za ta je, amma ni zan sayi alewar da za ta riƙa, kuma mai tsada, kada in kunyata ta.

Talata, 24 ga Yuni, da la'asar

Ta zo cikin kimononta, doguwar rigar gargajiya ta zuwa biki, da akwatin alewar wake a naɗe a ƙyalle. Ba ta biyo ta gida ba, ta ƙofar titi ta shiga shago, yadda ake yi. Ina hangen su ta tagar kicin. Ta durƙusa, ta tura akwatin gabansa, ta sunkuya har goshinta ya kusa taɓa ƙasa. Shi ma ya ajiye allura ya gyara zama. Masae mai bakin tsiya, yau ba ko murmushi.

Ta daɗe kafin ta zagayo. Na ce, "Me kika ce?"

"Abin da kika aiko ni. Na ce 'yar gidan Kuwabara ta sake tunani, ta ce in an yarda da ita, ta amsa."

"Shi fa?"

"Ya karɓi alewar. Ya ba ni shayi da hannunsa. Sannan ya ce, Malama Masae, na gode da wahala. Ki gaya mata na gaji da jin maganarta ta bakin wasu da ta bayan ƙofa. Tana da ƙafa."

Ta zauna tana fifita da hannun riga. Ta ce, "Kin san wani abu? Na yi shekara ashirin da mai zuba zance. Da irin wannan kabad ɗin aka ba ni, da kullum sai na goge shi."

Laraba, 25 ga Yuni, da yamma

Na je da ƙafata, ba shayi a hannuna, ba wani dalili. Na durƙusa a bakin tabarmar da yake ɗinki na ce, "Baban Shinji, na yi maka laifi. Abin da na faɗa a zauren nan ƙarya ne, don a yi dariya na faɗa. Ka yafe mini."

Ya ce, "Wannan ya wuce. Ba shi nake tambaya ba."

Ya cire tabarau ya dube ni. Ban san rabon da ya dube ni haka ba.

"Ki bar littafi, ki bar bikin yara. Da Inna Otane za ta tashi yau ta zo miki da hotona, kin kuma san duk abin da ke ciki, shirun, da ƙurar ciyawa, da kunnuwan, me za ki ce mata?"

Na buɗe baki. Amsa tana kan harshena, mai daɗi, irin wadda na iya. Sai na ji tsoronta. Na ce a raina, Tokiko, bakin nan naki ya saba faɗin abin da mai sauraro ke so. Yau kam duba ciki tukuna, ki ba mutumin nan ta gaskiya. Karo na farko a rayuwata na tsaya yin tunani kafin magana.

Ya jira. Ruwa na sauka a kan kwano. Ya ƙara jira.

Sai ya mai da tabaransa, ya ɗauki allura. Ya ce, "Ya isa, kada ki wahalar da kanki. Zan tsaya a bikin, don yaran. Ki duba mini baƙar rigar, ina jin asu ya taɓa hannunta."

Alhamis, 26 ga Yuni, da asuba

Eh ce. Amsar eh ce. Ta iso bayan ya riga ya sunkuya.

Jumma'a, 27 ga Yuni, da azahar

Na shiga shago in faɗa, na tarar da mai sayen tabarma. Na koma, yana waya. Na sake komawa, shi kaɗai ne, sai na ji kaina ina tambaya ko gasa kifin zan yi ko dafawa.

Ya ce duk wanda ya fi mini sauƙi.

Asabar, 28 ga Yuni, da la'asar

Na cike ramin asun, ba a gane wurin. Yana baranda yana bitar jawabin da zai karanta gobe, leɓɓansa na motsi. Bai nemi in saurara ba. Da can sai ya karanta mini, ni in yi ta gyara masa har ya yi fushi.

Lahadi, 29 ga Yuni, da magariba

An yi biki. Ruwa ma ya ɗaga mana.

Muka zauna yadda ake zama, shi gefen Noboru, ni gefen Chizuru, mutanen gari duk suna fuskantarmu. Ya miƙe ya karanta jawabinsa, makarantar da ango ya yi, halin amarya, asalin gidajen biyu. Da ya gama bai zauna ba. Ya naɗe takardar ya dubi ango ya ce, "Noboru, kai ma ba ka da magana, kamar ni. Kada ka ɗauka ana jin abin da ba ka faɗa ba."

Aka yi dariya, an ɗauka barkwanci ne. Matar Malam Kamata ta matso kunnena ta ce, "Kai, kin yi dacen miji." Na ce haka ne, na kafa ido a kan farantina.

Daga tashar bas muka tako a ƙasa, kowa da jakar tsarabar biki. Yana gaba ina baya. Daidai gadar nan ta kusa da gida na ce, "Baban Shinji."

Ya tsaya bai juyo ba.

"Eh."

"Eh me?"

"Abin da zan ce wa Inna Otane. Eh zan ce. Ban san ko shi ne abin da ke cikin littafi ba, gabana bai taɓa faɗuwa ba. Amma eh zan ce, ko sau nawa ta zo."

Wani mai keke ya wuce mu, ya gaishe shi, ya amsa. Sannan ya ce, "Kin daɗe."

"Ina dubawa ne in tabbatar ba don tafi ba ne."

"To. An ji."

"Shi ke nan? An ji?"

Ya juyo. Ya miƙo hannu ya karɓi jakata ya haɗa da tasa. Ya ce, "Ai in aka kawo amsa, ɗaya ɓangaren ma yana da damar yin tunani. Haka aka saba yi."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba. Ni na jira. Ke ma ki ɗana."

Ya ci gaba da tafiya, na bi shi.

Litinin, 30 ga Yuni, da yamma

Bai ce komai ba tukuna. Yini ɗaya ke nan, har na rasa inda zan sa kaina. Shi tun ina budurwa yake yi.